Béla Fleck da Flecktones: ƙungiyar da ta fito da banjo daga rumfar kiɗan ƙauye

Béla Fleck and the Flecktones ƙungiyar makaɗa ce ta ƙasar Amurka wadda aka kafa a shekarar 1988 ƙarƙashin jagorancin Béla Fleck, gwanin kaɗa banjo. Mutum huɗu ne suka fara ta: Fleck da kansa, da Howard Levy mai busa harmonika da kaɗa fiyano, da Victor Wooten mai jitar bes, da yayansa Roy Wooten, wanda aka fi sani da Future Man, mai riƙe da ɓangaren ganguna. Mafi yawan abin da suke yi kiɗa ne zalla, babu waƙa. Sun yi suna ne saboda yadda suka ɗauki salon bulugiras, wato kiɗan gargajiyar fararen fata na karkarar kudu maso gabashin Amurka, suka gauraya shi da jaz da fonk da rege da kaɗe-kaɗen Indiya da Ailan da tsakiyar Asiya. A zamanin da ake sayar da faifai a kanti, masu shaguna sun sha rasa kantar da za su jera nasu.

Abin da ya sa labarin ƙungiyar ya wuce na gwanintar mutum huɗu shi ne tarihin banjo ɗin kansa.

Asalin banjo

Banjo abin kiɗa ne mai tsirkiya. Jikinsa zagayayye ne kamar ƙaramin tambari, an ɗaure masa fata a fuska, sai dogon wuya da tsirkiyoyi ke bi ta kansa. Irin wanda Fleck ke kaɗawa yana da tsirkiya biyar, huɗu dogaye, ta biyar gajera ce wadda ta tsaya a tsakiyar wuyan, kuma da babban yatsa ake taɓa ta. Duk wanda ya taɓa ganin gurmi ko molo ko garaya a hannun makaɗi zai gane fasalin nan take: ƙoƙo, fata, sanda, tsirkiya.

Wannan kamar tana da dalili. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera banjo na farko a tsibiran Karibiyan, da duma da fatar dabba, bisa abin da suka sani a gida. Wani likita ɗan Birtaniya, Hans Sloane, ya ga irin waɗannan kayan kiɗa a Jamaika a ƙarshen shekarun 1680, ya kuma buga zanensu a littafinsa na 1707. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a shekarun 1780 cewa daga Afirka baƙaƙen fata suka zo da wannan abin kiɗa. A yau masu bincike sukan nuna akontin na ƙabilar Jola ta Gambiya da kudancin Senegal a matsayin ɗan'uwan banjo mafi kusa, domin shi ma na duma ne, yana da gajeriyar tsirkiyar babban yatsa, kuma yadda ake bugunsa da bayan farce ya yi daidai da tsohon salon kaɗa banjo. Ngoni na Mali da halam na Wolof da gurmin Hausa duk suna cikin wannan babban dangi, wanda ya shimfiɗu daga gaɓar Atlantika har zuwa tafkin Chadi. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, da tsirkiyarsa ɗaya tilo, shi ma a gidan yake.

Daga shekarun 1830 al'amarin ya juya. Fararen 'yan wasa, irin su Joel Walker Sweeney na jihar Virginia, suka koyi banjo daga baƙaƙen fata, suka riƙa shafe fuskokinsu da baƙi suna hawa dandamali suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Wannan wasan cin mutunci ya yi tashe na tsawon shekaru da dama, shi ne kuma ya yaɗa banjo a birane, har kamfanoni suka fara ƙera shi da katako da ƙarfe a madadin duma. Sannu a hankali baƙaƙen Amurka suka yi nesa da abin da aka mayar da shi alamar yi musu ba'a. Kafin tsakiyar ƙarni na 20, yawancin Amurkawa sun ɗauka cewa banjo kayan fararen ƙauye ne na tsaunukan Appalachia, tun fil azal.

Salon bulugiras ya ƙara kafa wannan fahimta. Sunan ya samo asali ne daga ƙungiyar Bill Monroe, ɗan jihar Kentucky, mai suna Blue Grass Boys. A ƙarshen 1945 wani matashi daga North Carolina, Earl Scruggs, ya shiga ƙungiyar da wani salon kaɗawa na yatsu uku: babban yatsa da manuniya da na tsakiya, kowanne sanye da farce na ƙarfe ko na roba, suna zuba sauti a jere cikin sauri kamar ruwan sama a kan kwano. Daga nan tsarin ya daidaita: banjo, mandolin, jita, goge irin na Turawa, da babban bes na tsaye. Babu ganga, babu kayan lantarki. Masu kishin salon suna tsaron waɗannan iyakoki sosai.

Yaron birni da kayan kiɗan ƙauye

An haifi Béla Anton Leoš Fleck a birnin New York ranar 10 ga Yulin 1958, aka raɗa masa sunayen wasu mashahuran mawallafan kiɗa na Turai, na farkonsu Béla Bartók ɗan ƙasar Hangari. Ya fara jin banjo ne a talabijin, a kiɗan buɗe shirin barkwanci na The Beverly Hillbillies, wanda Scruggs ya kaɗa. Kakansa ya ba shi banjo na farko a 1973, yana ɗan shekara 15. Ya yi karatu a makarantar sakandaren kiɗa da zane ta birnin, ya kuma ɗauki darasi a wurin Tony Trischka, ɗaya daga cikin masu neman sabuwar hanya a kan banjo. A 1975 ya halarci wasan Chick Corea, gwanin fiyano na jaz, da ƙungiyarsa Return to Forever, ya koma gida da ƙudurin nemo duk waɗannan sautuka a wuyan banjo.

Faifansa na farko, Crossing the Tracks, ya fito a 1979. A 1981 ya shiga New Grass Revival, ƙungiyar Sam Bush mai mandolin, wadda dama ta riga ta ɓata wa masu ra'ayin riƙau rai da dogon gashi da kayan lantarki da kiɗan rok. Ya zauna da su har suka watse a 1989.

A nan ne rege ya shigo. Bush masoyin Bob Marley ne, ƙungiyar kuma ta naɗi waƙar Marley mai suna One Love da kayan bulugiras. Haɗin ya fi sauƙi fiye da yadda mutum zai zata. Tun da babu ganga a bulugiras, mai mandolin ne ke riƙe lokaci, yana sarar tsirkiyoyi gajeren sara a tsakanin bugun bes. Aikin da jita ke yi ke nan a rege. Idan aka rage gudu, aka ba bes nauyi, sai sarar Kentucky ta koma ta Kingston. Fleck da Jerry Douglas sun yi amfani da wannan a wani kiɗa da suka shirya, The Lochs of Dread, inda suka ɗora karin sauti irin na tsaunukan Sikotland a kan takun rege. Ya fara fitowa a faifan The Telluride Sessions na 1989, daga baya Flecktones suka riƙa kaɗa shi a wasanninsu.

Mutum huɗu

An haɗa Flecktones ne domin wasa ɗaya kawai. A 1988 aka gayyaci Fleck wani shirin talabijin na tashar PBS mai suna Lonesome Pine Specials, wanda ake ɗauka a Louisville ta jihar Kentucky, aka ba shi damar zuwa da duk wanda ya ga dama. Ya nemo Levy, wanda suka haɗu a wani bikin kaɗe-kaɗe a Winnipeg ta ƙasar Kanada. Victor Wooten kuwa ta wayar tarho ya kaɗa masa bes, Fleck ya ji abin da ya ishe shi. Victor ne ya kawo yayansa.

Kowannensu ya riga ya karya wata doka a kan abin kiɗansa. Harmonika ƙarama, irin wadda masu kiɗan bulus ke busawa, an ƙera ta ne da gibi: akwai sautukan da babu su a cikinta. Levy, haifaffen Brooklyn a 1951, ya ƙware a wata dabarar sarrafa numfashi da harshe wadda ke fito da waɗannan ɓatattun sautuka, har ya zama yana iya bin kowane karin jaz ko na Balkan da ita. Yakan riƙe harmonika da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan fiyano.

Victor Wooten, wanda aka haifa a 1964, shi ne auta cikin 'yan'uwa maza biyar, dukansu makaɗa. Yayansu Regi ya fara koya masa bes tun yana ɗan shekara biyu, saboda ƙungiyar gidan tana buƙatar mai bes. Kafin ya gama firamare sun riga sun buɗe wa Curtis Mayfield wasa. Bes a al'ada aikin baya ne, riƙe gindin kiɗa, amma Victor yana bugun tsirkiya da babban yatsa sama da ƙasa, yana fizga da sauran yatsu, har ya fitar da kari da amshi da ganga a lokaci guda. Mujallar Bass Player ta zaɓe shi gwarzon shekara sau uku. Mai son jin iyakar abin da wannan jita za ta iya, ya saurari yadda ya kaɗa Amazing Grace shi kaɗai a faifan Live Art.

Roy Wooten ne ya fi ɗaure wa masu kallo kai. Ba ya zama bayan ganguna. Yana tsaye ne da hular 'yan fashin teku mai kusurwa uku, rataye da wata na'ura mai fasalin jita da ya kira Drumitar, wadda ya harhaɗa daga wata jitar lantarki mai suna SynthAxe. Jikinta cike yake da madannai, kowanne yana ba da sautin wata ganga ko kuge idan yatsa ya taɓa shi. Da yatsu goma yake yin aikin da wasu ke yi da hannu biyu da ƙafa biyu. Daga baya ya ƙara ganguna na gaske a gefe, yana buga su da hannu ɗaya.

Wani abin lura shi ne yanayin ƙungiyar a ido: farare biyu 'yan New York, da baƙaƙe biyu da suka tashi a Virginia, a kewaye da abin kiɗan da tarihi ya raba tsakanin jinsunan biyu.

Faifai da sauye-sauye

Kamfanin Warner Bros. ya fitar da faifansu na farko a 1990, sai Flight of the Cosmic Hippo a 1991, sai UFO Tofu a 1992. Sunan na ukun, idan aka karanta haruffansa daga ƙarshe zuwa farko, abu ɗaya yake bayarwa, kuma haka aka gina kiɗan da ke ɗauke da sunan: jerin sautukansa suna tafiya gaba, sannan su dawo da baya. Irin wannan wasa da lissafi yana cikin halayensu. Suna son ƙidayar da ba a saba da ita ba, bugu biyar ko bakwai ko goma sha ɗaya a madadin huɗun da kunne ya saba, kuma kamar yadda ake yi a jaz, sukan faɗi karin kiɗan tare sannan kowa ya ƙirƙiri nasa nan take, wani lokaci biyu su yi ta jifan juna da gajerun jimloli har sai ɗaya ya sare.

Levy ya bar ƙungiyar a ƙarshen 1992, yawon wasa ya yi masa yawa. Sauran ukun suka ci gaba su kaɗai na wasu shekaru, suna gayyatar baƙi irin su Branford Marsalis da Bruce Hornsby. Kyautar Grammy ta farko ta zo musu a 1997 saboda kiɗan The Sinister Minister. A wannan shekarar Jeff Coffin, mai busa saksofon, ya zama na huɗu. Buɗe wa ƙungiyar Dave Matthews Band wasa a manyan filaye ya kai su ga matasan da ba su taɓa sayen faifan jaz ko na bulugiras ba.

Zamanin Coffin ne ƙofar ta fi buɗewa ga sauran duniya. A faifan Outbound na 2000 da wasannin da suka biyo bayansa, sun yi aiki da Sandip Burman mai tabla daga Indiya, da Andy Narell mai gangar ƙarfe irin ta Trinidad, da Kongar-ol Ondar daga Tuva, wani yanki na Rasha da ke iyaka da Mongoliya, inda mawaƙa ke fitar da murya biyu ko uku daga maƙogwaro ɗaya. Little Worlds na 2003 faifai uku ne a haɗe, da baƙi da suka haɗa da Bobby McFerrin da ƙungiyar The Chieftains ta Ailan. Outbound da The Hidden Land na 2006 duk sun ci Grammy a rukunin jaz na zamani.

Ba kowa ya yaba ba. Masu tsaron bulugiras sun ce wannan ba kiɗansu ba ne, wasu masu sharhin jaz kuma sun ga gwaninta ta rinjayi motsin zuciya. Akwai ƙamshin gaskiya a zargi na biyun, musamman a faifan da baƙi suka yi yawa, inda wani lokaci mai sauraro kan ji kamar baje kolin gwanaye ake yi. Ƙungiyar ta fi daɗin ji idan su huɗu ne kawai suna sauraron juna.

Amma batun cewa sun kai banjo inda ba gidansa ba, tarihi bai goyi bayansa ba. Ƙungiyoyin jaz na farko a New Orleans da banjo mai tsirkiya huɗu suke riƙe lokaci, kafin jita ta ture shi a shekarun 1930. Mento, kiɗan karkarar Jamaika wanda ska da rege suka tsiro daga gare shi, har yau da banjo ake yin sa. A mafi yawan wuraren da Flecktones suka kai shi, banjo ya taɓa zama a can.

Tafiyar Afirka

A 2005 ƙungiyar ta ɗauki hutun shekara guda, Fleck ya yi amfani da damar ya zo Afirka da banjo da na'urorin naɗar sauti. Ya bi ta Yuganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali. Ɗan'uwansa Sascha Paladino ya ɗauki tafiyar a fim, wanda ya fito a 2008 da sunan Throw Down Your Heart, fassarar sunan Bagamoyo, garin gaɓar teku a Tanzaniya inda ake tara bayi kafin a tsallaka da su Zanzibar. Ma'anar sunan a Swahili ita ce ajiye zuciyarka.

A wani ƙauyen Yuganda ya kaɗa tare da masu wata ƙatuwar marimba ta katako da ake shimfiɗawa a kan rami, mutane da dama suna bugunta lokaci guda. A Tanzaniya ya haɗu da Anania Ngoliga, makaho mai waƙa da kaɗa ilimba, ƙaramin akwati mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu. A Gambiya ya zauna da iyalin Jatta, masu akontin, ya ga yadda ake yanka duma a ɗaure masa fata. A Bamako, Oumou Sangaré ce ta karɓi baƙuncinsa, ya kuma yi kiɗa da Bassekou Kouyaté mai ngoni da Djelimady Tounkara mai jita. Faifan da ya fito daga tafiyar a 2009 ya ci Grammy biyu, kashi na biyunsa ya ƙara cin ɗaya. Daga baya ya yi yawon wasa da Toumani Diabaté, gwanin kora na Mali wanda ya rasu a 2024.

Tafiyar ba ta biyo ta Nijeriya ko Nijar ba, abin takaici ga mai son jin yadda banjo zai zauna kusa da gurmi irin na Haruna Uji.

Ya kamata a ce Fleck ba shi kaɗai ya tayar da wannan magana ba, kuma ba shi ya fi cancantar a danganta masa ita ba. Daniel Jatta, ɗan Gambiya, ya shafe shekaru yana bincike kan alaƙar akontin da banjo kafin masana a Amurka su saurare shi a wajen 2000. A 2005 ɗin da Fleck ke Afirka, an yi taron baƙaƙen fata masu kaɗa banjo a garin Boone na North Carolina, inda waɗanda daga baya suka kafa ƙungiyar Carolina Chocolate Drops suka haɗu. Rhiannon Giddens, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ita ce ta kaɗa banjo a waƙar Beyoncé mai suna Texas Hold 'Em a 2024.

Dawowar Levy

Bayan rasuwar LeRoi Moore, mai saksofon na Dave Matthews Band, a watan Agustan 2008, Coffin ya maye gurbinsa, a 2010 kuma ya bar Flecktones gaba ɗaya. Levy ya dawo, aka sake haɗa mutum huɗun farko bayan kusan shekara 18. Faifansu Rocket Science ya fito a 2011, kiɗan Life in Eleven da Fleck da Levy suka shirya a kan ƙidayar bugu goma sha ɗaya ya ci Grammy a 2012. A wannan shekarar, wadda a cikinta Earl Scruggs ya rasu, suka dakatar da aiki tare.

Kowa ya kama nasa. Victor Wooten yana da sansanin koyar da kiɗa a jihar Tennessee. Fleck ya rubuta wa banjo da babbar ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turai wani dogon kiɗa, The Impostor, wanda aka fara gabatarwa a Nashville a 2011. Ya yi faifai da Chick Corea ɗin da ya burge shi yana yaro, da Zakir Hussain mai tabla, da matarsa Abigail Washburn, wadda ita tsohon salon bugun bayan farce take yi. An tsayar da shi takarar Grammy a rukunai daban-daban fiye da kowane makaɗi, daga kiɗan ƙauye da jaz zuwa na gargajiyar Turai da na duniya, ya kuma ci fiye da 15. A 2021 ya koma inda ya fara da faifan My Bluegrass Heart, wanda aka zaɓa faifan bulugiras mafi kyau a Grammy ta 2022.

Tun daga 2016 mutum huɗun sukan haɗu jefi-jefi su yi yawon wasa. Ga wanda bai taɓa jinsu ba, Live Art na 1996, wanda aka tattara daga wasannin da suka yi a gaban jama'a, ya fi kowane faifai nuna yadda suke, kuma a cikinsa The Lochs of Dread yake.